Yadda ake sharhin jerin littattafan almara masu ban dariya na yara 'yan shekara 8 zuwa 12

Malaman firamare, masu kula da ɗakunan karatu na makarantu da iyaye masu sha'awar rubutu sun sha aiko mana da tambaya iri ɗaya. Mutum ya samu jerin littattafan almara masu ban dariya na yara, uku ko biyar ko fiye, ya karanta, yana so ya gaya wa jama'a ko sun isa a saya, amma ya rasa ta inda zai kama. Wasu sukan sake ba da labarin daga farko har ƙarshe su kira shi sharhi. Wasu kuma su rubuta layi ɗaya, "littafi ne mai faɗakarwa da nishaɗantarwa," su sa hannu. Duka biyun ba sa taimakon uban da ke tsaye gaban mai sayar da littattafai a Sabon Gari na Kano yana lissafin abin da ke aljihunsa.

Wahalar aikin a wuri ɗaya take. Kai mai sharhin babba ne, littafin kuwa ba don kai aka rubuta shi ba. Abin da ya ba ka dariya yana iya wucewa ta kan ɗan shekara 9 ko gezau, abin da ka ɗauka shirme kuma shi ne zai sa shi birgima a tabarma. An jera matakan nan ne domin hukuncinka ya tsaya a kan abin da ka gani ga yara da abin da ka ƙirga a shafi. Idan littattafan ba su wuce biyar ba, ka ware mako biyu zuwa uku.

1. Tsayar da shekaru da mai karanta sharhin

Rukunin da ake magana a kai, a tsarin makarantunmu, ya kama daga aji uku ko huɗu na firamare zuwa aji ɗaya na ƙaramar sakandare. Tazarar tana da faɗi, don ɗan shekara 8 yana bin layi da yatsa, ɗan 12 kuwa yana iya cinye littafi a wuni guda. Saboda haka sharhinka zai ƙare ne da ƙayyade shekaru, misali 8 zuwa 10, ko 10 zuwa 12. Mai karanta sharhin kuma yawanci uba ne, ko uwa, ko malami, wato mai fitar da kuɗi. Shi za ka riƙa kallo kana rubutu.

Hattara: shekarun da ke bayan littafin da aka shigo da shi daga Ingila ko Amurka an auna su ne da yaron da Turanci ne harshen gidansu. Yaron Kano da ke jin Turanci a aji kaɗai sau da yawa sai ka ƙara masa shekara ɗaya ko biyu. Kada ka kwafi abin da ke bango, ka bari sai ka yi gwajin mataki na 5.

2. Haɗa littattafan da kayan aiki

Ka nemi jerin gaba ɗaya. Idan yana da tsawo, kamar goma ko sha biyu, mafi ƙarancin abin da za ka karanta shi ne na farko, na biyu, ɗaya daga tsakiya da na ƙarshen da ya fito, sannan ka faɗa a cikin sharhin cewa waɗannan ka karanta. Wanda ya yi sharhin jeri da littafin farko kaɗai kamar wanda ya ɗanɗana saman buhu ne ya yi wa buhun duka shaida.

Kafin ka saya, ka leƙa Laburaren Murtala Muhammad da ɗakin karatun makarantar yaranka, ka tambayi abokan aiki ko akwai mai ba da aro. Abin da ya rage ka nema a shagunan littattafai na Sabon Gari da wajen Bata, ko wajen masu sayar da na hannu, waɗanda suka fi sauƙin kuɗi ga littattafan waje. Nan ne mafi yawan kuɗin aikin zai tafi. Sauran ƙanana ne: littafin rubutu ɗaya, fensir, biro kala biyu, rula, kuɗin adaidaita sahu na zagayen kasuwa, data, da ɗan abin taɓawa na yaran gwaji. Ka rubuta farashin kowane littafi da ranar da ka saya da kasuwar da ka saya, domin farashi ba ya zama wuri ɗaya, kuma kuɗin jerin a dunƙule shi ne lambar da uba ya fi so ya gani.

A shafin farko na littafin rubutunka ka kwashe bayanan kowane littafi: suna, marubuci, mai zane, mai fassara idan fassara ce, kamfanin ɗab'i, shekarar bugu, yawan shafuka, da lambar ISBN idan akwai, wato lambar shaidar littafi da ake bugawa a bayan bango, wadda tun 2007 ta zama mai lamba 13. Sunan mai zane shi aka fi mantawa, alhali a littafin ban dariya rabin dariyar sau da yawa a zanen take.

Hattara: bugun sata ya yi yawa a kasuwa. Alamominsa rubutu mai dishi-dishi, zane da ya dunƙule ya zama baƙi, shafuka da suka ɓata ko suka maimaitu, da bango mai laushi da ke ɓarewa tun a hannun mai shago. Ka buɗe ka bi lambobin shafi kafin ka biya. Idan ka yi sharhi da jabu, za ka ɗora wa kamfani laifin da ba nasa ba.

3. Karatun farko, ba biro a hannu

Ka karanta littafin farko a zama ɗaya ko biyu, ba tsayawa, ba rubutu. Abu biyu kaɗai za ka lura da su: inda ka yi dariya da gaske, da inda hannunka ya kai ga waya. Ka saka ɗan yankin takarda a wuraren. Da ka gama, ka rufe littafin ka rubuta layi biyar a kan abin da ya zauna maka a rai. Haka za ka yi wa sauran, bi da bi, kada ka tsallake tsari. Layukan nan biyar-biyar za su yi maka amfani a mataki na 7, don littafin da ka kasa samun layi biyar a kansa yawanci shi ne raunin jerin.

4. Karatu na biyu: ƙirga dariya da rubuta dokoki

Wannan shi ne ƙashin bayan aikin, kuma shi ne mutane suka fi gudu. Ka ware wa kowane littafi shafi uku.

Shafi na farko na dariya ne. Ka ja layi gida huɗu: babi, lambar shafi, abin da ya faru, irin dariyar. Domin kada rubutu ya yi yawa, ka ba kowane iri harafi. K ga wasa da kalmomi, kamar juya karin magana ko kalma mai ma'ana biyu. W ga wauta da faɗuwa da zubar da miya. M ga maimaici, wato abin da ke dawowa a kai a kai har yaro ya fara jiransa. H ga dariyar da ke fitowa daga halin mutum, irin marowacin da ke ƙirga ƙwayar gero ko matsoracin da ke cika baki. Z ga zolaya, inda ake yi wa wani dariya.

Bari mu ƙaga misali da za mu yi ta amfani da shi. A ce jerin na wata yarinya ce da ta gaji buta mai magana daga kakarta. Butar tana cika buri ɗaya a rana, amma duk maganar da aka yi a gabanta sai ta ɗauke ta yadda aka faɗa. Uwar yarinyar ta duba tukunya ta ce ruwa ya ƙare wa ɗan kada, sai ga ɗan kada a busasshen baho a tsakar gida. A takardarka za ka rubuta: babi na 1, shafi kaza, ɗan kada a baho, K da M. Idan ka gama littafin ka duba gidan ƙarshe daga sama zuwa ƙasa. Littafin da harufansa suka cakuɗa yana da abin ba ƙanana da manya. Wanda ya cika da W kaɗai zai kama ɗan shekara 8, ɗan 12 kuma ya gundura kafin rabi. Idan ka ga babi uku a jere ba alama ko ɗaya a littafin da aka sayar da sunan ban dariya, ka sa masa da'ira da jan biro, abin faɗa ne a sharhi.

Harafin Z yana bukatar ka dakata. Ka tambayi kanka, wa ake yi wa dariyar? Barkwanci muna da shi, tsakanin kaka da jika, tsakanin taubasai, tsakanin Kanawa da Zage-zagi, tsakanin Fulani da Barebari, kuma daɗinsa shi ne kowa yana da bakin ramawa. Amma idan abin dariyar kullum shi ne mai in'ina, ko gurgu, ko mai ƙiba, ko almajiri, ko wanda ya zo daga ƙauye, kuma ba ya taɓa samun nasara a kan masu zolayarsa, to gobe wani yaro a aji zai sha wannan sunan. Ka rubuta lambar shafin.

Shafi na biyu na dokokin duniyar labarin ne. Almara tana da 'yancin sa buta ta yi magana, amma da zarar marubuci ya kafa doka dole ya bi ta. Ka rubuta kowace doka da shafin da aka faɗe ta: butar ba ta magana sai da ruwa a cikinta, buri ɗaya ne a rana, manya ba sa jin muryarta. Idan a littafi na uku butar ta yi magana a bushe domin kawai a ceci yarinyar daga hannun ɓarayi, ba tare da an ba da dalili ba, marubuci ya ci amanar mai karatu. Yara sun fi manya kama irin wannan, don su suna riƙe doka kamar yadda suke riƙe ta a wasan langa.

Shafi na uku na mutanen labarin ne: suna, shekaru, abin da kowa yake so, abin da yake tsoro. Ka lura musamman da wanda ke warware matsala a ƙarshe. A littafin wannan rukuni ya kamata yaron ne zai fitar da kansa da dabararsa. Idan kullum wani babba ne ko wani tsafi ke faɗowa daga sama ya gyara komai, ka rubuta.

5. Gwaji da yara

Ka tara yara huɗu zuwa shida, maza da mata, wasu 'yan 8 ko 9, wasu 'yan 11 ko 12, a cikinsu har da wanda ba ya son karatu. Ƙasa da huɗu kunya takan hana su sakewa, fiye da shida kuma ba za ka iya bin fuskokinsu ba. Lokacin da ya fi dacewa a Kano shi ne Alhamis bayan la'asar, ranar da makarantun Islamiyya da yawa ba sa karatu, ko kuma lokacin dogon hutu. Ka shimfiɗa tabarma a zaure ko tsakar gida, a inda iyaye za su iya leƙowa. Kada ka yi a aji, domin yaro ya saba cewa a aji akwai amsar da ake so.

Kafin komai ka nemi izini baki da baki: "Hajiya, akwai wani littafin yara da nake dubawa, ina so in karanta musu babi ɗaya ranar Alhamis, minti ashirin. Ga littafin, ki duba tukuna." Ka miƙa littafin da gaske.

Ka karanta babin farko da murya, minti 20 zuwa 25, da sauya murya ga kowane mai magana, amma kada ka ƙara naka wasan har ya zama kai ake yi wa dariya. Ka sa wani babba ya zauna gefe da kwafin takardar dariyarka yana sa alama: nan sun yi dariya duka, nan ƙananan kaɗai, nan shiru. Ya kuma rubuta inda suka fara tsokanar juna ko kallon ƙofa. Ka tsaya a daidai inda labari ya ɗau zafi, ka ajiye littafin a kan tabarma, ka ce za ka je ka sha ruwa. Ka ba su minti biyar. Idan ka dawo ka tarar kawuna uku sun haɗu a kan shafi ɗaya, ɗaya yana cewa "ba ni, ni zan karanta," ka sami amsar da ta fi duk abin da za su faɗa maka. Idan littafin yana nan inda ka bar shi, wannan ma amsa ce.

Hattara: kada ka tambaya, "Ya yi daɗi?" Yaron da aka yi wa tarbiyya zai sunkuyar da kai ya ce, "Da daɗi, Malam," ko da barci yake ji. Ka tambayi abin da ladabi ba zai iya amsawa ba. Wane wuri za ka ba ƙaninka labarinsa in ka koma gida? Wa ya fi ba ka haushi a cikinsu? Da butar taka ce, me za ka faɗa a gabanta? Akwai inda ba ka gane ba? Ka tambayi mai shiru-shirun kafin mai surutu, in ba haka ba duk za su bi bakin mai surutun. Alawa ko biskit kuma sai bayan an gama tambayoyi, kada yaro ya ga kamar ana sayen yabonsa.

Daga nan sai gwajin yatsu biyar, yaro ɗaya-ɗaya. Ka buɗe cikakken shafi daga tsakiya, ya karanta da kansa, duk kalmar da ta gagare shi ya lanƙwasa yatsa. Ɗaya zuwa uku, littafin daidai da shi ne. Biyar kafin ƙarshen shafi, ya fi ƙarfinsa shi kaɗai, sai dai a karanta masa. Da wannan za ka tsayar da shekarun da za ka rubuta.

Bayan mako guda ka sake tara su, ka karanta babi daga littafi na uku ko na huɗu. Abin da kake nema shi ne ko dariyar maimaicin nan tana nan da ranta. Kafin ka fara, ka saurara ko wani zai ambaci ɗan kadan da ke baho da kansa. Dariyar da ta kwana bakwai a kan yaro ta cancanci a ambace ta.

Hattara: ba a sa sunan yaro, hotonsa ko sunan makarantarsa a sharhi. "Wata 'yar shekara 9" ya wadatar. Kuma yara shida ba su ne yaran Kano duka ba, ka faɗi adadinsu yadda yake.

6. Sihiri, tsoro da tarbiyya

Wannan ita ce tambayar farko da iyaye za su yi maka a nan, kuma sharhin da ya kauce mata bai cika ba. Aikinka bayani ne. Fatawa ta malamai ce, zaɓi kuma na iyaye. Ka faɗi irin abin al'ajabin da ke ciki ɓaro-ɓaro, domin ba duka ɗaya ba ne. Dabba ko buta mai magana irin ta tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi daban, dodo da aljanu daban, boka da tsafi daban, makarantar koyon sihiri daban, labarin da aka gina a kan allolin wasu al'ummu kuma daban. Ka faɗi wa ke amfani da abin, tauraron ne ko mugun, da abin da ke biyo baya. Gida biyu masu katanga ɗaya suna iya karanta wannan bayanin su yanke hukunci daban, kuma duka ka yi musu adalci.

Haka za ka yi da tsoro: akwai mutuwar uwa ko uba? Akwai babin da bai kamata ɗan shekara 8 ya karanta da dare ba? Ka ba da lambarsa. A littattafan waje ka lura da giya, bukukuwan addini da soyayyar ƙuruciya. Dariyar tusa da majina tana yawa a wannan rukuni, yara suna sonta, wasu iyaye ba sa so, ka faɗi yawanta kawai. Idan yaron labarin yana raina malami ko iyaye, ka duba ko labarin yana tafa masa ne ko yana nuna masa sakamako.

Hattara: kada ka rage wa littafi daraja don bai rufe kowane babi da wa'azi ba. Yaron da ya ga yarinyar nan ta koyi auna maganarta saboda abin da butar ke jawo mata ya ɗauki darasin. Littafin da ke tsayar da labari ya yi nasiha shafi biyu, a nan yara ke ajiye shi.

7. Auna jerin a dunƙule

Ka jera takardun dariya na duk littattafan gefe da gefe. Yanzu za ka ga abin da mai karanta ɗaya ba zai gani ba: ko alamomin suna raguwa, ko dabara ɗaya ce ake sauya wa riga. Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, ma'auni ne da iyaye suka sani. Littafi uku ne, aku yana nan a cikinsu duka, amma a na farko yana ba da labarai ne domin ya tsare Musa ɗan sarki kada ya fita, a na biyu da na uku kuma dalilin ba da labarin ya sauya. Ka tambayi jerin da ke hannunka abin da ya sauya a littafi na biyu ban da sunan mugu.

Sai tambayoyin aljihu. Kowane littafi yana da ƙarshensa, ko sai an sayi na gaba? Ana iya farawa daga tsakiya? Jerin ya kammala, ko marubuci yana kan rubutawa? Duk ana samunsu a Kano? Uban da ya sayi uku ya rasa na huɗu a kasuwa zai so a ce an gaya masa tun farko.

Hattara: wasu jerin suna girma tare da tauraronsu. Littattafan Harry Potter bakwai, da suka fito daga 1997 zuwa 2007, sun fara da yaro ɗan shekara 11 suka ƙare yana 17, kuma na ƙarshe sun fi na farko tsawo da duhu nesa ba kusa ba. Idan jerinka haka yake, ka ba kowane littafi shekarunsa.

8. Harshe, zane da bugu

A littafin Hausa ka fara duba haruffa masu lanƙwasa. Bugun da ya mayar da baƙi ya zama baki, ko ƙafa ta zama kafa, yana rikita mai koyon karatu, kuma yana kashe wasa da kalmomi. Ka zaɓi shafi uku ka ƙirga kurakuran rubutu da na raba kalmomi, ka faɗi adadin. A fassara ka duba wuraren da yara suka yi shiru alhali an shirya dariya. Sau da yawa wasan kalmar Turanci ne aka juyo kai tsaye ya mutu a hanya, mai fassara nagari kuwa yakan nemo nasa daga Hausa. Ka duba ko zanen yana ƙara wani abu ko yana tona asirin dariyar kafin a kai gare ta. A ƙarshe ka buɗe littafin sosai ka girgiza shi riƙe da bango. Wanda zai zaga aji mai yara da yawa dole ya jure hannu.

9. Rubuta sharhin

Kalma 700 zuwa 900 sun isa jeri mai littafi uku zuwa biyar. Ka fara da bayanan littattafan da farashin da ka biya. Sakin layi na farko ya ɗauki hukuncinka, domin mai karatu a waya ba lallai ya kai ƙasa ba. Sai labarin a taƙaice, layi biyar ko shida, kada ka wuce kashi ɗaya bisa huɗu na littafin farko. Sai dariya, da abin da ka gani ga yara. Sai duniyar labarin da dokokinta. Sai abin da iyaye za su so su sani. Sai yadda jerin ya tafi. Ka rufe da shawara guda daga cikin huɗu: a sayi duka, a sayi na farko a gwada, a nema aro, ko a bari.

Kowace magana ka ɗaura mata hujja. "Littafin yana da ban dariya ƙwarai" ba ta gaya wa kowa komai ba. Kwatanta da wannan: "A babi na 1 yara biyar cikin shida sun yi dariya har sai da aka dakata, amma a babi na 7 na littafi na uku ba wanda ya motsa, kuma a nan ne butar ta karya dokarta ta yi magana ba ruwa." Mai karanta wannan ya san abin da zai saya, marubucin ma ya san inda zai gyara.

Hattara: kada ka ba da labarin ƙarshe, kuma kada ka kwashe dariyar da ta fi kowace ka zuba a sharhi. Ka ɗauko ɗaya ko biyu matsakaita daga farkon littafi, layi biyu ko uku, da lambar shafi. Idan marubuci ko kamfani ne ya ba ka littattafan kyauta, ko marubucin ɗan'uwanka ne ko abokinka a ƙungiyar marubuta, ka faɗa a layi ɗaya. Marubutan Kano da masu sharhinsu sukan haɗu a taro ɗaya, shi ya sa yabon kunya yake da sauƙi. Ka soki shafi, ka bar mutum, kuma kada ka karɓi kuɗi a kan hukunci.

10. Dubawa da fitarwa

Ka bar rubutun ya kwana. Washegari ka bi sunaye da lambobin shafi ɗaya bayan ɗaya da littafin a buɗe, domin kuskure guda a sunan tauraro ya isa a daina yarda da sauran. Ka ba wata uwa ko wani malami da bai karanta jerin ba, ka tambaye shi: za ka saya, kuma wa za ka saya wa? Idan ya kasa amsawa, ka koma sakin layi na farko.

A Facebook ko WhatsApp ka yanka sakin layi gajeru, ka sa hoton bangunan a jere da ka ɗauka da hasken rana. Idan rediyo za ka kai, ka rage shi zuwa abin da za a karanta a minti uku: hukunci, dariya ɗaya, gargaɗin iyaye, farashi. Za a sami masu cewa ka turo musu littafin ta waya. Kada ka ɗauki hoton shafuka ka raba, haƙƙin marubuci ne, ka gaya musu kasuwar da ka samu. Jerin kurakuran bugu da ka tara kuma ka aika wa kamfanin ko marubucin kai tsaye, sharhi adadinsu kaɗai yake bukata.

Ka adana littafin rubutunka. Idan sabon littafi ya fito a jerin, ka buɗe masa shafukansa uku, ka sake tara yaran, ka ƙara sakin layi a ƙasan tsohon sharhin da kwanan wata da sabon farashi.